Sautin kira: Yadda ake yanka shi a kwamfuta a tura wa wayar hannu

Sautin kira shi ne gajeren amon da waya ke fitarwa domin sanar da mai ita cewa ana nemansa. Kowace waya tana zuwa da nata daga kamfani, amma mai ita yana da ikon yanko wani daga waƙa, ko kiɗa, ko muryar da ya naɗa, ya ɗora a madadinsa.

A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kamar sauran garuruwan Arewa, an fi samun wannan hidima a wurin masu turi, waɗanda ke tara waƙoƙi da finafinai da wa'azozi a kwamfuta suna zuba wa jama'a a katin memori. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ma duk mai kwamfuta a gida, suna iya yin aikin da kansu ba tare da kashe data ba.

Asalinsa

Lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, wayoyi suna fitar da amo ɗaya ne tak a lokaci guda. Fitaccen sautin Nokia na wancan zamani an ciro shi daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, ɗan ƙasar Sifaniya, ya tsara a 1902. Daga baya wayoyi masu haɗa amo da yawa suka fito, sannan masu karanta MP3, waɗanda suka ba da damar ɗora muryar mutum kamar yadda aka naɗe ta.

Bambancinsa da waƙar jiran ɗauka

Ana yawan rikita sautin kira da waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗauka. Na farko fayil ne da ke zaune a cikin waya, ba a biyan kowa kuɗi a kansa. Ta biyu kuwa tana kan na'urorin kamfanin sadarwa ne, kamar tsarin Callertunez na MTN, kuma ana cire kuɗinta daga katin mai layi, sau da yawa tana sabunta kanta idan wa'adi ya cika. Goge waƙa daga waya ba ya dakatar da wannan cira. Sai an soke rajistar a wurin kamfanin.

Yanka sautin

Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Ana buɗe fayil ɗin a cikinta, a zaɓi gaɓar da ake so, a zubar da saura. Daƙiƙa 20 zuwa 30 sun wadatar, domin da wuya waya ta yi ƙara fiye da haka ba a ɗauka ba.

Ya fi kyau a fara daga inda murya ko kiɗa ya fito sarai, saboda sautin da ya soma da shiru yakan sa kira ya wuce a kasuwa ko a kan babur. Ana sassauta farkonsa da ƙarshensa don kada ya katse da tsawa, sannan a adana shi a matsayin MP3. Sautin daƙiƙa 30 mai matsakaicin inganci bai kai rabin megabait ba, don haka ba ya cin wuri.

Turawa zuwa Android

Wayoyin Tecno, Itel, Infinix da Samsung da suka cika hannun jama'a suna bin hanya guda. Ana haɗa waya da kwamfuta da kebul, a zaɓi tura fayil a sanarwar da za ta bayyana a fuskar wayar. Idan kwamfuta ba ta gan ta ba, sau da yawa kebul ɗin na caji ne kawai, sai a canza wani.

Ana ajiye sautin a jakar Ringtones. Na saƙo yana shiga Notifications, na ƙararrawar tashi kuma Alarms. Daga nan sai a shiga saitin sauti a zaɓe shi. Waya mai layi biyu takan ba kowane layi nasa, kuma ana iya ware wa wani mutum sauti na musamman a jerin sunaye. Gara a ajiye fayil ɗin a cikin wayar kanta, domin idan yana kan memori aka cire katin, wayar za ta koma wa sautinta na asali. Inda babu kebul, Bluetooth ko Xender suna biyan buƙata.

Turawa zuwa iPhone

Tsarin Apple ya fi tsauri. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a mayar da sautin zuwa AAC, a sauya ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa m4r, kada tsawonsa ya wuce daƙiƙa 40, sannan a tura ta iTunes a Windows ko Finder a Mac. Da fitowar iOS 26 a 2025, an ba da damar ɗora MP3 da bai kai daƙiƙa 30 ba kai-tsaye daga manhajar Files.

Abubuwan kiyayewa

Memorin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana iya kwaso cuta, hotuna da takardu su salwanta. Haka kuma, duk manhajar sautin kira da ta nemi izinin karanta saƙonni ko lambobin mutane abar zargi ce, musamman ga mai hulɗa da banki ta waya.

Waƙa kuma dukiyar mai ita ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta haramta kwafa da sayar da aikin wani ba da izininsa ba, lamarin da ya fi shafar mai turi da ke karɓar kuɗi.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 2007, da Muftin Masar Ali Juma'a a 2010, sun hana mayar da ayoyin Alƙur'ani sautin kira. Daga cikin dalilan akwai yanke aya a tsakiya idan aka ɗauki kira, wanda kan iya juya ma'ana, da yiwuwar wayar ta yi ƙara a wurin da bai dace ba. Kowane irin sauti aka zaɓa, ana sa waya a shiru kafin shiga masallaci, aji ko wurin jana'iza.