Bokitin Oregon da Gwangwaninmu na Damagaram

A babban hutun da ya wuce, saura ƙiris a kai mu wurin ƴan sanda saboda gwangwanin madara. Mu huɗu ne, duka ɗalibai, kuma abin da ya ja mana shi ne mun so gwada wani wasa da Turawa ke kira geocaching, ana furta shi jiyokashin. Mu dai tsakaninmu farautar ajiya muke ce masa. Ni na kawo shawarar, don haka ni na fi kowa shan kunya. Zan zo kan maganar gwangwanin, amma bari in fara da tarihin wasan, domin da na san shi tun farko da ban sa kawuna ya zo zauren mai unguwa yana huci ba.

Wasan ba wuya gare shi ba. Wani zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, da kaye ƙarami a ciki da ƴan tarkace, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya sa a intanet. Kai kuma ka bi lambobin da salularka har ka gano akwatin, ka rubuta sunanka da kwanan wata a kayen, ka maida shi yadda ka same shi. Shi ke nan. Ba a cin kuɗi, ba alƙalin wasa, kuma galibi mai ajiya da mai nema ba za su taɓa ganin juna ba. Lambobin nan kuwa irin waɗanda muka koya a darasin labarin ƙasa ne: Damagaram, alal misali, tana wajen digiri 13 da minti 48 arewa, kusan digiri 9 gabas.

GPS, ko je-pe-es kamar yadda muke faɗi a nan, kayan sojan Amurka ne tun asali. A 1978 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin, a 1995 aka ce ya kammala da taurari 24, suna zagaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000. Na'urarka tana buƙatar ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta faɗa maka inda kake. Abin da ya sa aka yi wa farar hula alkawarinsa abin baƙin ciki ne. Ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya saki hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka shugaba Ronald Reagan ya ce in tsarin ya kammala za a bar kowa ya yi amfani da shi. Sai dai an bayar da hannun dama ne an riƙe da na hagu: sojoji suka riƙa gurɓata siginar farar hula da gangan, har na'ura ta iya kuskuren mita 100. Da irin wannan kuskure za ka iya gane unguwa, amma ba ka gane gindin bishiyar da aka ajiye abu.

Ranar 1 ga Mayu 2000 gwamnatin Bill Clinton ta sanar za ta daina gurɓatawar, aka kuwa kashe ta a daren. Mutane suka wayi gari na'urorinsu sun ninka daidaito wajen sau goma. Ranar 3 ga Mayu wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki baƙin bokitin roba ya kai bakin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai, kaset na bidiyo, faifan kwamfuta, ƴan kuɗi, danƙon harbi da gwangwanin wake, haɗe da kaye da fensir. Ya tura rabin bokitin cikin ƙasa, ya sanar da lambobin wurin ga masu sha'awar GPS a intanet. Doka ɗaya ya kafa: in ka ɗauki abu ka bar wani abu. Cikin kwana uku mutum biyu sun gano shi, kuma Mike Teague ne na farko.

Sunan da aka fara ba wasan yana da kalmar da ake amfani da ita wajen ɓoyon kayan maye, sai wani Matt Stum ya kawo sunan geocaching a ƙarshen watan Mayun. Mu da muka yi lekol da Faransanci ba sai an fassara mana rabin kalmar ba, daga cacher ta fito, wato ɓoyewa. A Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da ya tattara ajiyoyin, lokacin 75 ne kacal a duniya. A 2017 sun kai miliyan 3, a ƙasashe sama da 190. Har tashar sararin samaniya ta duniya an kai ɗaya, Richard Garriott ya ajiye ta a 2008. Wannan kam sai dai mu ji labari.

Kada a ɗauka Ulmer ne ya ƙirƙiri son ɓoye abu don baƙo ya samu. Tun 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor na Ingila, don duk wanda ya sha wahalar isa wurin ya jefa katin sunansa. Daga nan aka sami wasan akwatunan wasiƙa da ake bi da kwatance da kamfas, wanda har yau ana yi. Abin da GPS ya ƙara shi ne ya sa kowa ya iya, ko bai san daji ba. Kuma da mutane suka yi yawa sai matsala ta yi yawa.

Ga abin da ya fi ba ni dariya a tarihin nan: da yau Ulmer zai kawo bokitinsa, masu tantance ajiya ba za su karɓa ba. Ya tona rami, yanzu an hana tono. Ya sa abinci, yanzu an hana. Ko danƙon ma sai an yi gardama a kansa, tunda ba a yarda da abin da zai iya raunata yaro ba. Waɗannan ladubban ba wani mai hikima ne ya zauna ya tsara su ba. Kusan kowane ɗaya ɓarna aka yi kafin a kafa shi. Abinci yana kiran dabbobi, su fasa akwatin su watsar. Tono yana ɓata ƙasa yana ɓata wa masu ƙasa rai, har hukumar manyan gandayen daji ta Amurka ta daɗe tana hana ajiye akwatuna a wurarenta. Daga irin wannan ne aka wajabta neman izinin mai wuri, aka kuma ce tsakanin ajiya da ajiya a bar aƙalla mita 161, kada wuri ɗaya ya cika a tattake shi. A 2002 aka fito da al'adar tafiya da leda, duk sharar da ka gani a hanya ka kwaso. A 2004 kuma aka ƙirƙiro ajiya marar akwati, wadda za ka je wurin kawai ka koyi wani abu game da duwatsu ko ƙasar wurin. Ina ganin wannan ta fi dacewa da duwatsunmu na Damagaram, da wani zai ɗauki nauyin rubuta ta.

Dokar Ulmer ita ma sai da aka yi mata gyara. Ka ɗauki abu ka bar abu, to, sai wani ya ɗauki agogo ya bar murfin kwalba, ya ce ai ya bi doka. Shi ya sa yanzu ake cewa abin da za ka bari ya kai darajar wanda ka ɗauka ko ya fi. Akwai kuma wasu ƴan ƙarafa masu lamba da aka fara a 2001, waɗanda masu su ke turawa yawon duniya daga akwati zuwa akwati. Su ba na musanya ba ne. In ka ɗauka, aikinka ka kai wata ajiyar ka sanar, ba ka rataye a makullin babur ba. Sauran ladubban na zumunci ne: kada ka tona asirin maɓoya ga wanda bai samu ba, in ka nema ka rasa ka rubuta cewa ka rasa don mai ajiya ya je ya duba, in ka ga kaye ya jiƙe ka faɗa. Shi kuma mai ajiya kada ya ajiye inda ba zai iya komawa ya kula ba.

Akwai ladabi ɗaya da na fi jin haushinsa, shi ne wai ka yi nema a sace, kada waɗanda ba su san wasan ba su gan ka. Har suna aka aro musu daga littattafan Harry Potter, sunan mutanen da ba su da tsafi. Na gane dalilin, ana gudun a ɗauke akwatin. Amma mutumin da ke waige-waige yana cusa abu a ƙarƙashin benci, mi mai kallo zai ɗauka? A Yuli 2011 a garin Wetherby na Ingila, wata ma'aikaciyar gidan shan kofi ta ga wani yana irin wannan da ɗan akwatin roba. Aka rufe titin kasuwar garin na sa'o'i, sojojin kwance bam suka zo suka fasa akwatin, shi kuma mutumin ƴan sanda suka yi masa gargaɗi a hukumance. A Amurka ma an sha yin haka. Don haka ake hana ajiya kusa da barikin soja, filin jirgi da makarantu. Wannan a ƙasashen da aka san wasan ke nan. Ku kwatanta da nan, a halin da ake ciki na tsaro, saurayi ya tsaya kusa da shingen jandarmomi yana ɗaukar lambobin wuri. Ko da wasa ban ba kowa shawara ba.

To, mu duk ba mu san wannan ba. Bidiyo ɗaya na gani na tara abokai. Muka sami gwangwanin madara, muka sa kaye da bik, da dala ashirin, da alawa guda biyar don wanda ya riga samu. Da yake mun so abin ya yi kyau, muka rubuta sunayen abokanmu goma sha biyu da za su yi neman a shafin farko, kowa da layinsa. Bayan magariba muka je gindin wani dutse a bayan wata unguwa da ba tamu ba, muka tona ɗan rami da wuƙa, muka binne, muka ɗora dutse. Ba mu tambayi kowa ba.

Ashe wata tsohuwa ta gan mu daga kan katanga. Washegari da muka koma dubawa sai muka tarar da mutane. Ku tsaya ku kalli abin da idonsu: samari baƙi, da duhu, sun binne gwangwani, an tono an ga jerin sunayen mutane a rubuce, da kuɗi, da alawa da tururuwa ta baibaye. Biyu daga cikin sunayen kuma yaran unguwar ne. A Wetherby bam suka zata, a nan asiri aka zata, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran tana kuka tana cewa dama tun jiya yake ciwon kai.

A zauren mai unguwa na yi ta bayanin taurarin ɗan'adam, ba wanda ya saurare ni. Sai da kawuna ya zo ya ba da haƙuri, aka kira yaran nan biyu suka nuna saƙon lambobin a wayoyinsu, sannan hankali ya fara kwanciya. Wani dattijo da ke zaune gefe, wanda bai ce komai ba tun farko, ya karɓi kayen ya jujjuya.

"Yaro, wato ajiya ce kuka yi don wani ya zo ya samu ya maida?"

"I, Baba."

"Ba wanda ke tsaronta?"

"Ba kowa, Baba."

Ya nuna ƙofar gidansa da haɓa. Randa ce a gindin bishiya, da kofi a kan murfinta. Ya ce shekara da shekaru tana nan, mai wucewa ya sha ya maida kofin, kuma bai taɓa ajiye ta da dare ba, bai taɓa binne ta ba. "In abin alheri ne, mi ya hana ku yi sallama?"

Ban sami amsa ba. Kawuna ya amsa min da harara.

Bokitin Ulmer bai daɗe ba, injin yankan ciyawa na masu gyaran hanya ya farfasa shi. A 2003 masu wasan suka kafa allon tunawa a wurin, kuma wajen aikin ne aka tsinci gwangwanin waken nan ya yi tsatsa. Har yanzu ana adana shi, ana kai shi tarurruka mutane na ɗaukar hoto da shi. Namu gwangwanin mai unguwa ya riƙe. Bayan sati biyu na koma da rana tsaka, na yi sallama da dattijon, na roƙe shi ya bar mu mu sa wani a kogon bishiyar da ke bayan randarsa, ba tono, ba alawa, kayen kuma babu sunan kowa. Ya ce in kawo ya gani. Ya buɗe, ya karɓi bik ɗin, ya rubuta sunansa da ajami a layin farko. Da na leƙa kafin mu koma makaranta sunaye tara ne a ciki, uku ban san masu su ba, kuma wani ya ɗauke bik ɗin ya bar guntun fensir.