Fashoda da iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi

Makon nan za mu leƙa wani ƙauye a gefen kogin Nilu mai suna Fashoda, wanda yanzu ake kira Kodok a Sudan ta Kudu. Saura ƙiris Ingila da Faransa su gwabza yaƙi a kansa a 1898.

Faransa na son haɗa mulkinta daga Senegal har Jibuti, Ingila kuma na son nata daga Alƙahira har ƙarshen kudancin Afirka, kuma hanyoyin biyu a Sudan suka gitta juna. Kyaftin Marchand ya shafe kusan shekara biyu yana ratso daji daga Kwango, ya isa Fashoda a watan Yuli da sojoji ɗari da 'yan kai, ya kafa tuta. A watan Satumba Kitchener ya iso da jiragen ruwa na yaƙi, bai daɗe da murƙushe rundunar Mahadiyya a Omdurman ba. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Faransa ta duba ƙarfin Ingila a teku, ta janye.

To ina ruwanmu? A watan Yunin wannan shekarar ne ƙasashen biyu suka zauna a Paris suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce nan ce iyaka. Sarkin Musulmi Abdurrahman na kan gadonsa, ba wanda ya tambaye shi, sai 1903 ma Turawa suka ci Sakkwato. Layin ya tura Faransawa cikin ƙasa mai ƙarancin rijiya. Rundunar Voulet da Chanoine da ta nufi tafkin Chadi a 1899 ta kutso kudu, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni da kisan da har yau ake labarinsa. Sai a 1904 da 1906 aka gyara layin don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram, Maraɗi ta faɗa can, Katsina nan.

Abin da ke ba mu takaici, yawancin littattafanmu na tarihi da an ce Turawa sai Lugga da Kano. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, amma da Faransanci. Fatake da ke bin hanyar Kano zuwa Damagaram a shekarun nan, waɗanda suka wayi gari ana tare su da kuɗin fito, har yanzu suna jiran mai rubuta labarinsu da Hausa.