Shafin intanet da masu buƙata ta musamman: Abin lura kafin a ba da kwangila

Neman gurbin karatu, neman aiki da rajistar tallafi duk sun koma intanet. Idan makaho a Kwandiko ko kurma a Birnin Kudu ya kasa amfani da shafin hukuma, an rufe masa ƙofa ke nan, ko da kuwa da harajinsa aka gina shafin.

Me doka ta ce?

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, ga mutum kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Hukumar NITDA ce ke fitar da ƙa'idojin shafukan gwamnati. Jigawa kuwa tun 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata, don haka nauyin ba sabo ba ne a wuyanta.

Da wane ma'auni ake awo?

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne WCAG na ƙungiyar W3C, wanda bugunsa na 2.2 ya fito a Oktoban 2023. Matakansa uku ne, A da AA da AAA, kuma AA ne aka fi sharɗantawa.

Me za a nema daga ɗan kwangila?

Da farko, ya nuna shafin da ya taɓa ginawa, a gwada shi da manhajar karanta rubutu kamar NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android, kuma makafi da kansu su yi gwajin. Na biyu, kowane hoto ya samu bayani a rubuce, kowane bidiyo ya samu rubutun abin da ake faɗa, a kuma iya cike fom ba tare da linzamin kwamfuta ba. Na uku, shafin ya buɗe inda sabis ke da rauni, haruffan ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai.

A rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangila, a riƙe cikon kuɗi sai gwaji ya tabbata. Sunan shafi da makullansa su zauna a hannun hukumar, domin kada ɗan kwangila ya tafi da su.

Ga mai son bin diddigi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman takardun kwangila daga hukumar tarayya, ita kuma ta amsa cikin kwana 7.