Wankan Jego da Ciwon Zuciya a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya tashi a Palladan, ko Samaru, ko Sabon Gari, ya san abin da garwa kan murhu tun da asuba take nufi a gidan da aka haihu. Ruwan mai jego ne ake dafawa. Wannan al'ada ta wankan jego daɗaɗɗiya ce ƙwarai a ƙasar Hausa, har ma Baba ta Karo ta yi bayaninta a cikin tarihin rayuwarta wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954.

Ga yadda abin yake. Mace in ta sauka, sai a riƙa yi mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki, har kwana arba'in, wasu ma su zarce. Ta fito daga nan ta kwanta bisa gadon ƙasa wanda aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sa'an nan a ɗura mata kunun kanwa. Hujjar kakanninmu ita ce a kori sanyi daga jikinta, nono kuma ya kawo. Ban da haka ma, kwanakin nan su ne kaɗai hutun da mace ke samu daga daka da surfe, musamman mai haihuwar fari wadda aka kai goyon ciki gidan iyayenta.

To, a wajajen 1970 sai likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wada, suka lura ana yawan kawo musu masu jego da kumburin ƙafa da haki, watau zuciya ta kasa. Likita Davidson da Farfesa Parry suka bi diddigin mata 224, suka buga sakamakonsu a 1978. A ganinsu gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuwa yana tilasta wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Da haka sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci na duniya, ba don abin alfahari ba.

An daɗe ana ɗora wa tsofaffi laifin duka. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi daga baya ya karkata ne ga rama, da rashin abin hannu, da hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, bai kuwa sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da wankan ba. Ni dai a ganina an yi gaggawar yanke wa kakanni hukunci, ko da yake ba zan ba ƙanwata mai hawan jini shawarar shan kanwa ba. Gadon wuta kam katifa ta riga ta kore shi daga yawancin ɗakunan Palladan, garwar ce har yanzu take kan murhu.