Yadda Likitoci Suka Gano Inda Kalma Ke Ɓacewa

Dukkanmu mun san takaicin neman kalma ta maƙale a bakin harshe. To akwai masu ciwon da kalmomi ke zube musu ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, alhali hankalinsu garau. Tarihin gano wannan ciwo ne maƙalarmu ta wannan mako.

A 1861 wani majinyaci mai suna Leborgne ya rasu a asibitin Bicêtre da ke kusa da Faris, bayan shekara 21 kusan ba ya iya furta komai sai "tan". Likita Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da lahani a gaba, ɓangaren hagu. Daga nan aka soma yarda cewa magana tana da mazauni a ƙwaƙwalwa. A 1892 kuma Arnold Pick, a birnin Prague, ya ba da bayanin wani dattijo da maganarsa ta riƙa lalacewa sannu a hankali, aka tarar ɓangaren hagun ƙwaƙwalwarsa ya tsuke. Matsalar ita ce, duk wannan sani sai mutum ya mutu ake samun sa.

Na'ura ce ta sauya lamarin. A 1971 aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai da na'urar CT a Landan, daga baya MRI ta zo. A 1982 Marsel Mesulam ya wallafa bayanin majinyata shida a Amurka, waɗanda magana ke zaizaye musu ba tare da sun ruɗe ba. Zuwa 2011 masana suka raba ciwon gida uku, kowanne da wurin da hoto ke nuna tsukewa. Idan gaban ƙwaƙwalwa ne, furuci da ginin jimla ke sarƙewa. Idan gefe ne wajen gaba, ma'ana ke tafiya: mutum ya ji "cokali" ya tambayi mene ne. Idan gefe ne wajen baya, kalmar tana nan amma lalubo ta ke wuya, kuma sau da yawa cutar Alzheimer ce sanadi.

Ƙwaƙwalwar Leborgne ma ba ta tsira ba. Broca bai yanka ta ba, adana ta ya yi. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka bayyana hoton MRI da suka ɗauke ta, suka nuna lahanin ya nutsa ciki fiye da abin da idon Broca ya gani.

Ina ruwanmu? A littattafanmu, da tauraro ya daina magana sai mu ce sammu ne, ko aljanu, ko hauka. Alhali akwai masu karanta mu da ke jinyar uba mai irin wannan ciwo, wanda yake gane 'ya'yansa sarai, sunansu ne kawai ya ƙi fitowa. Kafin mu rubuta shi, mu bincika. Kada alƙalaminmu ya ƙara wa iyalinsa nauyi.