Kurumtar Da Tiyata Ke Iya Gyarawa

A bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa sauti zuwa can ciki. Na ƙarshensu, wanda ya yi kama da likkafar doki, shi ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa kimanin milimita 3. A cutar da likitoci ke kira otosikilerosis, wani ƙashi ne ke tsirowa a gindin likkafar har ya daskarar da ita. Jijiyar ji tana nan lafiya, sautin ne ba ya isa gare ta.

Cutar tana bin dangi, ta fi kama mata, kuma yawanci takan bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ji yana raguwa sannu a hankali, sau da yawa tare da ƙara a kunne. Abin mamaki, wasu masu ita sun fi jin magana a hayaniyar kasuwa, domin a can kowa ɗaga murya yake yi. Masu cutar gautsin ƙashi ta gado, wadda ke sa yawan karaya tun yarinta, su ma likkafarsu takan daskare.

A 1956 Dakta John Shea na birnin Memphis a Amurka ya cire likkafar wata mata ya sa ta roba. A yau akan huda gindin ƙashin ne a saka ɗan sanda, ta cikin ramin kunne, ƙarƙashin madubin likita. Kusan tara cikin goma jinsu yana inganta, sai dai ga masu gautsin ƙashi sakamakon bai kai haka ba. Akwai haɗari: jiri, sauyin ɗanɗano na ɗan lokaci, kuma kimanin ɗaya cikin ɗari kunnen kan mutu gaba ɗaya. Shi ya sa ba a taɓa kunne biyu lokaci guda, kuma wanda ya zaɓi na'urar ƙara ji bai yi kuskure ba.

Cutar ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata. Kurumtar da sanƙarau ya bari, wadda aka fi sani a ƙasar Hausa, jijiya ta shafa, wannan aiki ba ya mata magani. Gwajin ji ne ke bambance su. Mutumin Achilafiya ko Roni ko Gwiwa zai fara da Babban Asibitin Kazaure, ya nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.