AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yadda Aka Kira Gayya Wajen Kulle Saƙo

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya ce ya ji ana kulle saƙo kafin ya bar waya. To yaya kuɗin da ya tura ke isa nan take, shin kullewar ba ta cin lokaci ne?

AMSA: To Malam, da can tana ci ƙwarai. Shi kulle saƙo, dagula rubutu ne ta hanyar lissafi, yadda sai mai mabuɗi zai iya karantawa. Kwamfuta takan yanka saƙon gutsure-gutsure, sannan ta kulle kowanne.

A shekarar 1976 masana a kamfanin IBM na Amurka suka fito da dabarar sarƙa, wato sai an gama kulle gutsure na farko sannan a ɗaura na biyu a jikinsa. Akwai tsaro, amma tamkar a ce kada kowa ya taɓa kunya ta biyu sai an gama nome ta farko. Ko mutum ɗari ka gayyato, ɗaya ne zai duƙa.

A 1979 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo dabarar ƙidaya: a ba kowane gutsure lambarsa, a kulle shi da lambar da mabuɗin, ba ruwansa da na gabansa. Ka ga gayya ta yiwu ke nan, kowa ya kama kunyarsa. Sharaɗin ɗaya ne, kada a maimaita lamba da mabuɗi guda, in ba haka ba asiri ya tonu.

Sai dai fa mai fasa kulle ma yana iya kiran gayya. A 1998 wata ƙungiya a Amurka mai suna EFF ta harhaɗa 'yan ƙananan na'urorin lissafi sama da 1,800 suna gwada mabuɗai lokaci guda, suka fasa tsohon makulli mai suna DES cikin awa 56. A 2001 Amurka ta amince da sabon makulli mai dogon mabuɗi, wato AES, wanda wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro.

A 2010 kamfanin Intel ya fara dasa lissafin AES a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kanta, tana aikin gutsure da yawa a tare. A 2018 kuma sabuwar ƙa'idar tsaron intanet ta yi watsi da dabarar sarƙa. Shi ya sa yau kafin ka ƙifta ido an kulle an buɗe.

Amma Malam, komai ƙarfin makulli, in ka ba wani lambar sirrinka ta banki, ka miƙa masa mabuɗin rumbunka ne. Da fatan ka gamsu.